Waiwaye: Yadda mutum bakwai suka shirya ratsa tekun ƙanƙara a 1903

Tun da ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya ta fara ja da baya a lokacin bazara, maganar hanyar ruwan da ta bi ta tsibiran arewacin Kanada ta sake tasowa. Kanada na cewa ruwanta ne, Amurka na cewa mashiga ce ta kowa. Turawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna neman wannan hanya, don ta haɗa Tekun Atilantika da na Fasifik a taƙaice, amma ba wanda ya ratsa ta a jirgi daga farko har ƙarshe sai Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norwe, tsakanin 1903 da 1906.

Kafin shi, salon da aka sani shi ne na sojojin ruwan Birtaniya: manyan jirage da mutane birjik. A 1845 John Franklin ya tashi da jirage biyu, Erebus da Terror, ɗauke da mutum 129 da dubban gwangwanayen abinci. Ƙanƙara ta riƙe jiragen kusa da tsibirin King William a 1846, kuma ko mutum ɗaya bai dawo gida ba. Sai a 2014 da 2016 aka gano ɓaraguzan jiragen a ƙarƙashin ruwa. Abin takaici, a wannan yankin da suka halaka akwai mutanen Inuit da suke zaune kaka da kakanni, suna farauta suna haihuwa.

Amundsen ya fara shiri ne da neman hujja. Ya san ba wanda zai ba shi kuɗi don yawon neman suna, sai ya rataya tafiyar a wuyan kimiyya, wato auna inda cibiyar maganaɗisun arewa take, wurin da allurar kamfas ke nunawa, wadda James Clark Ross ya gano a 1831. A 1900 ya tafi Hambug a Jamus ya koyi awon maganaɗisu a wajen Georg von Neumayer, sannan ya samu goyon bayan Fridtjof Nansen, wanda a lokacin maganarsa ce yankan wuƙa a harkar tafiyar ƙanƙara a Norwe.

A 1901 ya sayi jirgi a garin Tromsø na Norwe. Sunansa Gjøa, jirgin masunta ne da aka ƙera a 1872, shekarar da aka haifi Amundsen kansa. Tsawonsa kimanin mita 21 ne kawai. An ƙarfafa jikinsa, aka sa masa ƙaramin inji mai shan kananzir mai ƙarfin doki 13. A ganina wannan ƙanƙantar ita ce babbar dabarar tafiyar baki ɗaya. Mashigun da ke kusa da gaɓar Kanada ba su da zurfi, babban jirgi zai kafe a cikinsu, shi kuwa Gjøa yana iya sulalewa. Ga kuma lissafin ciki: ƙasar da ba za ta iya ciyar da mutum 129 ba, za ta iya ciyar da bakwai da farauta. Don haka shida kawai ya ɗauka, kowa da sana'a a hannu. Godfred Hansen, hafsan sojan ruwa daga Denmark, shi ne mataimaki. Peder Ristvedt na kula da inji. Gustav Wiik na awon maganaɗisu. Anton Lund da Helmer Hanssen sun saba da tekun arewa. Adolf Lindstrøm kuma shi ne kuku.

Guzurin shekara biyar suka loda. A cikinsa akwai femikan, busasshen nama da ake dakawa a cuɗa da kitse, kusan kamar dambun nama da aka daskarar, wanda mutum da kare duk ke ci. Babban abin tsoro a irin wannan tafiya shi ne cutar da ke kumbura dasashi, ta zubar da haƙora, ta kashe jiki. Rashin bitamin C ne ke kawo ta, amma a lokacin ba a san bitamin C ba. Amma Amundsen ya ga cutar da idonsa a jirgin Belgica, da ƙanƙarar kudancin duniya ta riƙe a 1898, ya kuma ga yadda likitan jirgin, Frederick Cook, ya farfaɗo da mutane da sabon naman dabbobin ruwa. Shi ya sa bindigogin farauta suka zama wani ɓangare na guzurin.

Kuɗi ne dai bai taɓa isa ba. Da wani mai bin bashi ya yi barazanar kama jirgin, sai suka sulale daga Kristiania, wato Oslo ta yau, cikin daren 16 ga Yunin 1903. A Girinlan suka ƙara karnuka.

Sauran shirin kuma a arewacin Kanada aka yi shi, ba a Turai ba. Sun yi hunturu biyu a wani lungun ruwa na tsibirin King William, inda yanzu akwai garin da ake kira Gjoa Haven. Mutanen Netsilik, wani reshe na Inuit, suka zo, Amundsen ya zauna ya zama ɗalibinsu. Ya ajiye kayan ulu ya koma sa rigar fatar barewar arewa, sakwa-sakwa, wadda iska ke zagayawa a ciki, gumi ba ya daskarewa a jiki. Ya koyi gina ɗaki da tubalin dusar ƙanƙara, da tafiyar da karnuka, da shafa ruwa a ƙafafun abin jan kaya don ya daskare ya yi santsi. Awon da suka yi a 1904 kuma ya nuna cibiyar maganaɗisun ba ta tsaye wuri ɗaya, ta gusa daga inda Ross ya same ta.

A ranar 26 ga Agustan 1905 suka hangi wani jirgin mafarautan wel, ƙatuwar dabbar teku, da ya taso daga San Francisco, alamar sun fita ta ɗaya gefen. Ƙanƙara ta sake tsare su hunturu na uku a King Point, a gaɓar arewa maso yammacin Kanada. Daga nan Amundsen ya yi tafiyar kusan kilomita 800 zuwa garin Eagle a Alaska don ya buga wayar tangaraho ya sanar da cewa sun ratsa hanyar. Wiik ya rasu a King Point a 1906, sauran shidan suka isa garin Nome na Alaska a ƙarshen Agustan wannan shekarar. Hanssen da Lindstrøm sun sake bin Amundsen zuwa kudu, kuma Hanssen na cikin mutum biyar da suka taka ƙuryar kudancin duniya da karnuka ranar 14 ga Disamban 1911.