Jinyar yara a jami'a: abin da ake nema a bakin ƙofa da abin da ake tararwa a ciki

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai tsakar gidanmu ta koma ofishin neman shawara. 'Ya'yan maƙwabta, 'ya'yan dangi, har da waɗanda ban taɓa gani ba, a durƙusa a gaishe ni, sannan a ce, "Anti, jinyar yara nake son karantawa." In na tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: "Ina son yara." Madalla. Ni ma son yaran ne ya kai ni ɗakin yara na asibiti. Sai dai yaron da za ki tarar a kan gado ba shi ne wanda kike yi wa tawai a gida ba. Wannan yana tsala ihu, yana fizge robar ƙarin ruwa, ko kuma ya yi lamo ya daina kukan, kuma wannan shirun shi ya fi tayar mana da hankali.

Bana wata yarinya ta zo da waya a hannu tana nuna mini tallar wata jami'a a Ingila: digiri a jinyar yara, shekara uku. Ta ce ta duba jerin kwasa-kwasan JAMB daga farko har ƙarshe ba ta ga irinsa ba. Ba za ta gani ba, don tsarin ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne, kuma rashin sanin haka ya sa iyaye da yawa sun yi asarar kuɗi.

Kafin mu je ga tsarin, ya kamata a san abin da ya sa aka ware wa yara nasu fannin. Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 3, duk jinin jikinsa bai wuce kusan mililita 250 ba, wato rabin ledar fiya wata. Jinin da babba zai zubar ya tashi ya kaɗe riga, shi zai iya kai jariri kushewa. Numfashi ma haka: babba yakan yi 12 zuwa 20 a minti ɗaya, amma jaririn da bai kai wata biyu ba sai ya kai 60 muke cewa numfashinsa ya yi sauri; daga wata biyu zuwa shekara ɗaya 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar 40. Nas ɗin da ba ta riƙe waɗannan a ka ba, ko dai ta firgita uwa a banza, ko ta bar mai ciwon haƙarƙari ya koma gida. Ga kuma wata dabi'a ta jikin yaro mai yaudara: yakan riƙe awon jininsa daidai ko da ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa, sai ya faɗi lokaci ɗaya. Wanda ya jira na'urar awon jini ta gaya masa akwai matsala, ya makara. Sai a duba idon da ya faɗa, maɗigar da ta loɓa, sanyin tafin ƙafa, da yadda yaron ya ƙi kama nono.

Sai batun magani. Babba a ba shi ƙwaya biyu a wuce. Yaro sai an ɗora shi a sikeli. Farasitamol, misali, miligiram 15 ne a kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha 150. Idan na ruwan da ke hannunki mai miligiram 120 ne a kowane mililita 5, sai ki lissafa ki ga ya kama mililita 6 da kwata. Wannan lissafin kike yi da ƙarfe uku na dare, ido na lumshewa, wani yaron na jijjiga a gadon gefe. Ɗigo ɗaya ya gusa daga muhallinsa a takarda, kin ba yaro ninki goma na abin da ya kamata. Shi ya sa idan yarinya ta ce mini ta zaɓi jinya don ta tsere wa lissafi, nakan ce mata, "'Yata, gudun gara kika yi kika faɗa gidan zago."

A Birtaniya, tun ranar cika fom ɗalibi yake zaɓar ɗaya daga fannoni huɗu: jinyar manya, jinyar yara, jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa, ko kula da masu naƙasar fahimta. Hukumar da ke ba da lasisi, wadda ake kira NMC, a fannin da mutum ya karanta take yi masa rajista. Abin yana da tarihi a wurinsu. Asibitin Great Ormond Street da ke Landan, wanda Dakta Charles West ya kafa a 1852 da gado goma kacal, don yara kaɗai aka buɗe shi. Kuma tun 2013 duk mai son zama cikakken nas a Ingila sai ta hanyar digiri.

Ana neman gurbi ta hukumar UCAS, wadda take kamar JAMB ɗinsu, sai dai ita ba ta shirya jarrabawa. Mutum yana iya zaɓar kwas har biyar, kuma a watan Janairu ake rufe karɓar takardun da za a duba kafaɗa da kafaɗa. Kowace jami'a da nata ma'auni, amma galibi suna neman darussa biyar na GCSE, jarrabawarsu ta sakandare, da suka haɗa da Turanci, lissafi da kimiyya, sannan darussa biyu ko uku na A-level, jarrabawar da ke gaba da GCSE, ko abin da ya yi daidai da su, sau da yawa har da bayoloji ko wani darasin kimiyya. A nan ne 'ya'yanmu suke tuntuɓe. Yawancin jami'o'in can suna ɗaukar WAEC da NECO a matsayin GCSE ne, ba A-level ba. Ko A1 tara kika kwaso, akasari sai kin yi shekarar share fage ko kin kawo wata shaidar a kai.

Takarda ba ita kaɗai ba ce. Akwai bayanin da ɗalibi zai rubuta game da kansa, akwai ganawa ido da ido ko ta intanet, inda ake son jin ko ya taɓa kula da yara da gaske: a makarantar reno, a aikin sa-kai, ko wajen jinyar wani na gida. Ana binciken ko yana da tarihin aikata laifi, ana duba lafiyarsa da rigakafin da ya yi. Ba su wasa da wannan, musamman tun abin da ya faru a wani asibiti a garin Grantham a 1991, inda wata ma'aikaciyar jinya ta kashe yara huɗu a ɗakin da take aiki. Rahoton binciken da ya fito a 1994 ya sa aka tsaurara tantance masu shiga aikin. Wanda ya zo daga waje kuma galibi sai ya nuna ƙarfin Turancinsa. Ma'aunin da NMC ta sa a jarrabawar IELTS shi ne maki 7, da sassaucin 6.5 a ɓangaren rubutu, kuma jami'o'i da yawa a kusa da nan suke tsayawa.

Idan an shiga, karatun shekara uku ne, a wasu jami'o'in Sukotlan kuma shekara huɗu. NMC ta ƙayyade awa 4,600, rabi a aji, rabi a bakin aiki. Awa 2,300 ɗin nan na bakin aiki su ne ƙashin bayan abin. Ɗaliba za ta zagaya ɗakin bakwaini, sashen gaggawa, ɗakin tiyatar yara, makarantu, gidajen da ake jinyar yara masu doguwar cuta, da wuraren kula da matasa masu damuwa. Tana yin aikin dare, tana yin Asabar da Lahadi, sau da yawa awa goma sha biyu a tsaye. An yarda a yi wani ɓangare, har awa 600, a ɗakin gwaji da mutum-mutumin roba mai numfashi da kuka, amma sauran a kan ɗan mutum ne, ƙarƙashin idon wadda ta ƙware. Sannan akwai jarrabawar lissafin magani da doka ta ce sai an ci ɗari bisa ɗari. Casa'in da tara faɗuwa ce. Da na fara jin haka na ce an tsananta. Da na tuna dararen da na yi ina sake lissafi sau uku kafin in zuƙi magani a sirinji, sai na ga daidai ne.

Wani abu da suke nanatawa a karatunsu shi ne cewa ba yaro kaɗai ake jinya ba, har da iyalinsa. Su da wahala suka koyi wannan. Kafin rahoton Platt na 1959 kan kula da yara a asibiti, asibitocinsu da yawa ba su barin uwa ta ga ɗanta sai 'yan awoyi a mako. Mu kam ba mu taɓa samun wannan matsalar ba: uwa na nan kan tabarma a gindin gado, kaka na bakin ƙofa da kwanon kunu. Tamu matsalar daban ce. Yaro na buƙatar ƙarin jini, uwa ta ce sai maigida ya zo, maigida na kasuwa waya a kashe. Kaka ta ɓoye rubutu ko jiƙo a ƙarƙashin zane tana ɗura wa jaririn da aka ce kada a ba shi komai ta baki. Ba a cin nasara a kan kaka da tsawa. "Iya, ki yi haƙuri ki bar mana shi zuwa safe, kin ga numfashinsa, in ya sha yanzu zai shaƙe," ya fi duk wani faɗa aiki. Wannan ba ya cikin littafi, kuma wadda ba ta da shi ba ta daɗewa a ɗakin yara.

Maganar kuɗi gajeriya ce, amma ɗaci gare ta. Tallafin fam 5,000 a shekara da ake ba ɗaliban jinya a Ingila tun 2020 na 'yan gida ne, ba na baƙo ba. Ɗalibin waje yana biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, sai ya nuna kuɗin zama a banki, sai ya yi gwajin tarin fuka kafin biza. Mai karatun digirin farko kuma ba ya tafiya da miji ko 'ya'ya a kan bizarsa. Duk dillalin da ya ce zai samo gurbi kyauta da aiki a haɗe in an ba shi kafin alƙalami, a riƙe aljihu. Na san gidan da aka sayar da fili a kan irin wannan alkawari, har yau ba yarinya a jirgi, ba fili.

A Najeriya hanyar ta gama-gari ake fara bi. Digirin jinya, BNSc, shekara biyar ne, kuma Jami'ar Ibadan ce ta fara shi a 1965. A Arewa akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da wasu. Ana neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, wasu jami'o'in ma ɗaya suke karɓa. A JAMB kuma Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji ake rubutawa, kuma makin da ake yankewa yana da tsawo don masu nema sun yi wa guraben yawa. Iyaye, a nan ne hankalinku ya kamata ya tsaya: yarinyar da aka bari ta shiga ajin adabi ko na kasuwanci a SS1 ta riga ta rufe wa kanta wannan ƙofa tun tana shekara goma sha biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A cikin shekaru biyar ɗin ɗalibi zai ratsa ɗakin yara kamar yadda zai ratsa na haihuwa da na tiyata, ya rubuta jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya don samun lasisi, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Wadda ta bi ta kwalejin jinya ita ma lasisin Majalisar take samu. Bayan nan ne mai son ƙwarewa a yara zai koma kwas na musamman a makarantun da ke manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Legas. Doguwar hanya ce, amma ni a ganina ta fi dacewa da ƙasarmu. Nas ɗin da aka tura asibitin ƙauye ba ta da ikon cewa ita ta yara ce kawai. Mai naƙuda za ta zo, wanda maciji ya sara zai zo. Ga kuma cututtukan da za ta yi ta fama da su kullum: maleriya mai sa jijjiga, tamowa da ake ganewa in zagayen damtsen yaro bai kai santimita 11.5 ba, sikila, ƙyanda, sanƙarau lokacin zafi. Wadda ta koyi aiki a wuri irin asibitin yara na Hasiya Bayero a Kano, a damina ɗaya za ta ga maleriyar da takwararta ta Landan ba za ta gani ba har ta yi ritaya. Wadda ta karanto a waje kuma, in ta dawo, sai Majalisar ta tantance ta ta yi mata rajista kafin ta taɓa majinyaci.

Samari, da ku ma nake. Na ga ɗan shekara bakwai da ya ƙi yarda kowa ya sa masa allura sai wani nas namiji da ke yi masa hirar ƙwallo.

Kafin a biya ko sisi a kowace makaranta, a duba sunanta a jerin waɗanda Majalisar ta amince da su. Makarantun bogi sun yi yawa, kuma takardarsu ba ta kai mutum zauren jarrabawar lasisi. Yarinyar nan mai waya kuwa, na ce ta fara nemo izini ta yini ɗaya tare da mu a ɗakin yara, tun daga karɓar aiki da safe har miƙa shi da yamma. Ta zo ranar wata Talata. Da azahar na same ta a bayan ɗaki ta jingina da bango tana share hawaye, bayan an sha wahalar neman jijiya a hannun wata 'yar wata takwas da gudawa ta zuƙe. Na ce ko za ta tafi gida. Ta ce a'a, tana son ta ga ko yarinyar za ta kama nono kafin la'asar.