Kitsen jini: a zo da mai girki asibiti

Sau da yawa idan na gaya wa mutum cewa gwaji ya nuna kitsen jininsa ya hau, sai ya dubi jikinsa ya ce, "Ni da ba ni da ƙiba?" Jama'a, siriri ma yana kamuwa. Wannan kitse, wanda likitoci ke kira kolestarol, ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa ciwon kai. A hankali yake taruwa a bangon jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata, wata rana sai a ji bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi, kuma ana yi a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Ana so jimillarsa a sakamakon gwajin ta tsaya ƙasa da 200 a ma'aunin mg/dL. Idan ta kai 240, ta yi yawa.

Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, amma abin da muke ci ne ke ingiza ta. Kitsen nama, man shanu, fatar kaza da manja mai yawa su ne kan gaba. Ku dubi yininmu a Kano: ƙosai ko fanke da safe, shinkafa tana iyo a mai da rana, da dare a biya wajen mai balangu a ce ya sa da kitse. Abin da ya fi damuna shi ne man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, da man da aka soya naman layya, wanda ake ajiyewa ana zuba wa abinci wata da watanni.

Ban taɓa ce wa kowa ya daina cin nama ba. A yanke kitsen kafin a dafa, a gasa ko a yi farfesu, a riƙa sa kifi. Mai kuwa a auna shi da cokali, a bar tuttulawa daga galan. Waken da ake ƙosai da shi, shi ne na alale, sai dai wannan turarawa ake yi. Wake da kuɓewa suna da harza mai riƙe kitsen a hanji ya fita da shi. Tuwon dawa ko gero wanda ba a surfe shi ƙwarai ba, kwaɗon zogale, rama, yalo, gwanda: duk abincin gidanmu ne, ga su nan a 'Yankaba da 'Yanlemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, da motsa jiki na minti 150 a mako.

Inda muke tuntuɓe shi ne, maigida ya saurari bayani a asibiti, ya koma gida bai gaya wa kowa ba, tukunya tana nan yadda take. Shi ya sa nake roƙo a zo da uwargida, ko duk mai riƙe da girki, mu zauna tare mu bi abincin gidan ɗaya bayan ɗaya.

Wasu gado suka yi, abinci kaɗai ba zai sauke musu shi ba. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya fara cin zogale. Ya haɗa biyun, bayan kamar wata 3 ya koma a sake auna shi.