Yadda ake saita wufar bes a falo: tambayoyi da amsoshi

Mene ne aikin sabwufa tunda sauran sifikokin ma suna fitar da sauti?

Ƙananan sifikoki ba sa iya fitar da amo mai kauri, wato bes, irin rugugin tsawa a fim ko dukan babbar ganga. Sabwufa, wadda aka fi kira wufa a kasuwa, ita ke ɗaukar wannan ɓangare, daga kimanin 20 Hz zuwa 120 Hz (Hz shi ne ma'aunin kaurin sauti: ƙaramar lamba, amo mai kauri). Da ta karɓe shi sai sauran sifikokin su huta, murya ta fito tas.

Ta ina ake jona ta?

A kashe wuta tukuna. Idan risiba ce ta kallon fim, wato na'urar da ke rarraba sauti ga sifikoki, akwai kafa a bayanta da aka rubuta Sub Out. Wayar RCA guda ɗaya ce za ta tashi daga nan zuwa kafar LFE ta wufar. Idan amfilifaya ce mai sifika biyu wadda ba ta da wannan kafa, sai a ja waya daga inda sifikokin suke fita zuwa High Level In, in wufar tana da shi, ja da ja, baƙi da baƙi.

A ina ya kamata a ajiye ta?

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka tsawon igiyar amon 40 Hz ya haura mita 8, ya fi yawancin falo. Amon yana dukan bango ya dawo ya ci karo da kansa: a wani wurin ya ninku, a wani wurin ya kashe kansa. A falo mai tsawon mita 4, amon da ke kusa da 43 Hz zai yi ƙarfi a jikin bango, amma a tsakiyar ɗakin kusan ya ɓace. Shi ya sa na zaune kan kujera yake cewa babu bes, na tsaye a bakin ƙofa kuma yana jin kamar ɗakin zai tsage. Ginin bulo da daɓen tayil suna ƙara tsananta abin, domin ba sa shanye amon. Ƙara murɗa ƙarfi ba ya maganin wannan, canza wuri ne magani.

Ga hanyar da ta fi sauƙi. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, ka sa kiɗa mai bes da ka sani sosai, ka durƙusa kana bin gefen bango a hankali, kunnenka kusa da ƙasa. Inda ka ji amon ya fito daram, kowane bugu daban, babu gunji, nan za ka ajiye ta. Kusurwa tana ƙara ƙarfi ƙwarai, amma sau da yawa ƙarfin yakan zo da gunji. Idan ramin iskar wufar a baya yake, kada a manna ta da bango, a bar aƙalla taƙi guda.

Nawa za a sa Crossover?

Shi ne iyakar da wufa take karɓar aiki daga sifikoki. A fara da 80 Hz, ma'aunin da kamfanin THX, mai tantance ingancin sautin fim, ya tsayar. Ƙananan sifikoki masu girman tafin hannu suna buƙatar 100 zuwa 120 Hz. A cikin risiba a zaɓi Small ga dukan sifikoki, har da dogaye. Sannan a murɗa maɓallin Crossover na bayan wufar har ƙarshe, domin idan risiba ta tace amon, wufa ma ta sake tacewa, za a samu giɓi a daidai mahaɗar. Wannan maɓalli sai ga mai jonin High Level In yake da amfani.

Gain da Phase fa?

A fara da Gain, maɓallin ƙarfin wufar, ƙasa da rabi kaɗan. A kunna sautin gwaji na risiba, a auna daga wurin zama, kowace sifika da wufa su ba da kusan 75 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Risibobin Denon da Marantz suna da Audyssey, na Yamaha kuma YPAO, masu yin awon da makirufo. In kunne ne ma'auninka, ƙara har ka fara jin daga inda wufar take magana, sannan ka rage kaɗan. Wufar da aka saita daidai, sai a ɗauka bes ɗin daga sifikokin gaba yake fitowa.

Phase kuwa, maɓallin da ke daidaita bugun wufa da na sifikoki, yawanci 0 ne ko 180. Zauna, wani ya riƙa sauyawa, ka bar shi inda bes ya fi cika.

Me ke kawo gurnani ko da babu kiɗa?

Yawanci gurnanin wutar lantarki ne mai 50 Hz. Cire wayar RCA. Idan ya tsaya, matsalar daga haɗin na'urorin take: a sa wufa da risiba a soket ɗaya, a kuma gwada cire wayar dish daga dikoda, don sau da yawa ita ce sanadi. Idan bai tsaya ba, ciwon yana cikin amfilifayar wufar, sai mai gyara. Kada a taɓa karya ƙafar filogi ta uku don kashe gurnani, ita ke kare mutum daga jan wuta. Inda wuta ke hawa da sauka, ko ana aiki da janareta, a sa sitabilaiza.

In kuma karkarwa ce ba gurnani ba, duba gilashin taga, silin da kwanukan kabad kafin ka zargi wufar. Ɗan soso ko roba a ƙarƙashin ƙafafunta yana rage girgizar da take aika wa daɓe.