Waiwaye: kambun BYU na 1984 da gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Duk ƙarshen shekara, da zarar an fitar da sunayen jami'o'in da za su fafata neman kambun ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita kamar zari-ruga, sai cacar baki ta kaure. Wasu su ce me ya kawo ƙananan jami'o'i cikin manya, wasu su ce wanda ya cinye wasanninsa ba a hana shi kujera. A 2023, lokacin kujerun huɗu ne kacal, Florida State ta ci wasa 13 ba a doke ta ba, amma aka bar ta a waje. A 2024 aka mayar da kujerun 12, ƙurar ba ta lafa ba. Mai hange daga nesa zai ɗauka sabuwar rigima ce, alhali tsohon miki ne.

Tun 1936 ƙuri'ar 'yan jarida ce ke naɗa zakara, ta masu horarwa ta biyo baya a 1950. A wancan zamanin babu wasan ƙarshe. Abin da ake da shi wasannin rufe kaka ne da ake kira bowl, da yawansu ɗaure da yarjejeniya da wani rukunin jami'o'i, don haka ta ɗaya da ta biyu ba su cika haɗuwa ba.

A haka 1984 ta zo. Jami'ar BYU da ke garin Provo a jihar Utah, 'yar rukunin WAC wanda ba a lissafa shi cikin manya, ta ci wasanninta 13 duka a hannun mai horarwa LaVell Edwards. Yarjejeniya ta kai ta Holiday Bowl a San Diego ranar 21 ga Disamba, inda ta tarar da Michigan mai nasara shida da rashin nasara biyar. Mai jefa mata ƙwallo, Robbie Bosco, ya ji rauni tun farkon wasa, ya dawo yana ɗingishi, ya jefa ƙwallon nasara saura ƙasa da minti biyu a tashi, aka ƙare 24 da 17. Ƙuri'un biyu suka ba ta kambu, Washington da aka doke sau ɗaya ta zo ta biyu. Masu ƙorafi suka yi ta tambaya, wa ta doke? Yawanci a nan ake tsaida labarin, a tsallaka zuwa haɗakar bowl ta 1992 da tsarin BCS na 1998, waɗanda aka kafa don a riƙa haɗa ta ɗaya da ta biyu.

A ganina, an bar jaki ana dukan taiki. Ranar da ta sauya komai ta riga kakar farawa. Ranar 27 ga Yuni 1984 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 7 da 2, ta rushe tsarin da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ke sayar da haƙƙin nuna wasanni a talabijin a madadin kowa. A tsohon tsarin babu jami'ar da za a nuna fiye da sau shida cikin shekara biyu, komai farin jininta, kuma sai an zagaya da kyamara ta leƙa wasu da ba kowa ya san su ba. Jami'o'in da suka kai ƙara suna da hujja, don wasansu ne jama'a ke son gani, kuma kotu ta ce tsarin ya saɓa dokar gasar kasuwanci. Ɗaya daga cikin alƙalai biyun da suka ƙi hukuncin shi ne Byron White, wanda shi kansa tsohon tauraron wannan ƙwallo ne a jami'ar Colorado. Fargabarsa ita ce neman riba zai rinjayi manufar wasan ɗalibai.

BYU na cikin waɗanda suka fara shan romon hukuncin. Ranar 1 ga Satumba ta je gidan Pittsburgh, wadda ke ta uku a ƙasar, ta doke ta 20 da 14, a wasan kaka na farko da tashar ESPN ta nuna kai tsaye. Masu ƙuri'a da ba su taɓa zama sun kalli BYU ba suka gan ta da idonsu, ta shiga jerin, ta yi ta hawa sa'ad da manya ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Pittsburgh kuwa wasa uku kawai ta ci a kakar, amma lokacin da aka gane hakan aikin gama ya gama.

Sai dai ƙofar da ta shigar da ita, ita ce ta rufe wa na bayanta. Da kowane rukuni ya samu damar sayar da wasanninsa, darajar jami'a ta koma yawan masu kallonta, kuma kuɗi inda ido yake yake bi. Mai kuɗi ya gina fili, ya ɗauko mai horarwa, yara masu hazaƙa suka bi kyamara. Wannan ne ya fi damuna, don ratar da ake gani a fili yau an haƙa ta ne a teburin ciniki, shekara bayan shekara. Tun daga 1984 babu jami'ar da ke wajen manya da ta sake ɗaga kambun. Cincinnati, wadda a lokacin ba ta cikin manya, ta kutsa cikin huɗun a 2021, Alabama ta lallasa ta 27 da 6.

Rukunin WAC ya daina buga ƙwallo a babban mataki bayan kakar 2012. Ita kuwa BYU ta bar shi tun 1999, ta yi zaman kanta daga 2011, a 2023 ta shiga rukunin Big 12, cikin manyan.