Ƙaiƙayi da ƙuraje bayan kokawa: amsar tambayoyin da 'yan wasa suka fi yi

Duk wanda ya daɗe yana kokawa, ko ta gargajiya a kan yashi ko judo a kan katifa, ya san wannan yanayin: an tashi daga atisaye an yi wanka, dare ya yi mutum ya kwanta sai susa ta ce salamu alaikum. Samarin da muke horo tare sun sha yi min waɗannan tambayoyin, wasu ma a ɓoye saboda kunya, shi ya sa na ce bari in tattara su waje ɗaya.

Wai duk jan da ya fito a fata cuta ce?

A'a. Yawanci ma ba cuta ba ce, gurzuwa ce kawai. Gwiwarka ta goge katifa, ko kwalar rigar judo mai kauri ta ci maka wuya, ko yashi ya kankare maka kafaɗa. Irin wannan yana zafi ne nan take kamar ka ƙone, kuma cikin kwana biyu uku ya bushe da kansa. Akwai kuma ƙurajen zafi, 'yan ƙanana ƙanana a baya da ƙirji lokacin bazara idan gumi ya kwana a jiki. A hunturu kuma fata ce ke bushewa ta tsage, man kaɗanya ko basilin ya isa. Wanda ya kamata ka sa wa ido shi ne wanda yake ƙara faɗi maimakon ya ragu, ko yake ruwa, ko ya kumbura yana zogi.

Wani zagaye ya fito min a wuya kamar kwabo, bakinsa ja tsakiyarsa fari-fari, yana ƙaiƙayi. Mene ne?

Toh da alama makero ne, wanda dai muka sani a kan yara 'yan firamare, yana cinye gashi ya bar fili. Ba tsutsa ba ce kamar yadda wasu ke cewa, dangin funfuna ne da ke rayuwa a saman fata. A 'yan kokawa ya fi fitowa a wuya, fuska, hannu da kafaɗa, wato daidai inda jikinka ke manne da na abokin karawa lokacin da kuka sarƙe. Har Japan inda aka haifi judo, da duk tsaftar da aka san su da ita, tun wajen shekarar 2000 wani nau'insa mai suna Trichophyton tonsurans ya bazu a kulob-kulob na judo da kokawa na makarantu, kuma abin da ya ba su wahala shi ne wasu 'yan wasan suna ɗauke da shi a fatar kai ba tare da ko alama ɗaya ba. Don haka kar ka ji kunya wai za a ce kai ƙazami ne, jiki ne ya haɗu da jiki.

Maganinsa a fata kirim ne irin clotrimazole ko terbinafine, ana shafawa har ya wuce bakin zagayen kaɗan, kuma sati biyu zuwa huɗu ake yi, ba wai ranar da ƙaiƙayi ya tsaya ka jefar da kwalin ba. Amma idan a kai ne ko cikin gemu, kirim kaɗai ba ya isa tushen gashi, sai likita ya rubuta na sha, irin griseofulvin ko terbinafine na ƙwaya, na makonni.

Na sayi kirim a kemis, kwana biyu ya lafa, da na daina ya dawo ya fi da. Me ya faru?

Nan ne fa yawancinmu muke faɗawa. Ɗauko kwalin ka karanta ƙananan rubutun da ke jiki. In ka ga betamethasone ko clobetasol, to kirim ɗin yana da sinadarin sitiroid, irin waɗanda ake ce wa "uku a ɗaya" ɗin nan, wasu ma da su mata ke haɗa man bilicin. Shi aikinsa ya kashe ja da ƙaiƙayi, sai ka ɗauka ka warke, alhali garkuwar fatar wajen ya kwantar, makeron kuma yana ta cin karensa babu babbaka a ƙarƙashi.

Na ga wannan da idona a wani yaro da muke horo tare. Ɗan tabo ne a bayan kunne bai kai naira ɗaya ta ƙarfe ba, ya yi wata guda yana shafa irin wannan kirim ɗin yana shiga fili abinsa, ranar da ya cire riga abin ya sauko har allon kafaɗa, ba zagaye ba siffa, fatar wajen ta yi haske ta yi laushi kamar leda. Kafin nan mutum uku a cikinmu sun ɗauka, har da ni. Wallahi da ya faɗa tun farko ya zauna 'yan kwanaki, da ba a kai nan ba.

Kuma dan Allah a daina goga tafarnuwa, ko ruwan batir, ko man birki, ko zuba Dettol zalla a kai. Ƙona fatar kawai kake yi ka buɗe wa wata cutar ƙofa.

Ƙananan ƙuraje masu ruwa sun taru waje ɗaya a fuskata, suna zafi, ga zazzaɓi. Shi ma makero ne?

Wannan daban ne kuma ya fi buƙatar gaggawa. Zai iya zama hafis, ƙwayar cutar bairos ɗin nan da ke fitowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi. A 'yan kokawa yana fita a fuska, wuya da kunne, sau da yawa da ƙaluluwa a wuya da ciwon maƙogwaro a karon farko. A 1989 a wani sansanin horon kokawa na 'yan sakandare a jihar Minnesota ta Amurka, yara 60 cikin 175 suka kamu. A farkon 2007 kuma a jihar dai aka dakatar da kokawar makarantu gaba ɗaya na kwana 8 saboda shi. Matsalarsa in ya shiga jiki ba ya fita, yana kwanciya ne ya riƙa tasowa lokaci lokaci, maganin acyclovir da danginsa suna rage tsawonsa ne kawai. In ya kusanci ido kuwa kar ka kwana a gida, yana iya taɓa gani.

Maruru fa? Ba matsewa ake yi ba kawai?

Kar ka matse. Maruru da wannan gyambon mai ɓawo ruwan zuma da ke fitowa kusa da hanci ko baki, bakteriya ne ke kawo su, kuma ta 'yar gurzuwar da ka raina suke shiga. Akwai nau'in da ake kira MRSA wanda ba ya jin magungunan da aka saba da su, shi ya sa shan kafso biyu uku daga kemis ba dabara ba ce. In wajen ya yi zafi ya kumbura, jan yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti kai tsaye.

Sai ƙazuwa, ita ma tana yawo sosai a inda 'yan wasa ke kwana ɗaki ɗaya a kan tabarma ɗaya lokacin sansani. Alamarta ƙaiƙayin dare a tsakanin yatsu, wuyan hannu da ƙugu. Ita kam in za a yi magani duk 'yan ɗakin ake yi wa tare, a wanke kaya da ruwan zafi a shanya a rana.

Mu da muke kokawa a yashi, ba katifa, ya shafe mu?

Sosai ma. Mutane suna ɗora wa katifa laifi, amma babbar hanyar ita ce fata da fata, kuma ɗan kokawar gargajiya ai kusan duk jikinsa a waje yake. Ka dubi gasar takobi ta Nijar da aka fara a Tahoua a 1975, zaratan jihohi takwas ne ke haɗuwa su yi kwanaki suna karawa, galibi cikin hunturu lokacin da fata ke tsagewa. Yashi mai shan rana ya fi katifar da ke kulle a ɗaki mai gumi, wannan gaskiya ne, amma a share shi a tsince kwalba da kashin dabbobi. Sannan ga layu da guraye. Ba ina cewa kowa ya cire nasa ba, wannan tsakaninka da malaminka ne, amma fatar da aka ɗinke su da ita tana shan gumi wata da watanni ba wanki, ƙarƙashinta kuma nan ne ƙuraje ke fara fitowa a damtse da ƙugu. A cire bayan wasa a goge a shanya, kuma kar a ba wa wani aro.

To wace tsafta ce ke aiki da gaske?

Wanka da sabulu da zarar an tashi, ba sai ka tsaya majalisa ka sha shayi gumi ya bushe a jikinka ba. Sabulun salo ko na wanka na yau da kullum ya wadatar, kuma kar ka dirji jikinka da soso kamar kana wanke tukunya, fatar da aka kankare ta fi saurin kamuwa. Tawul naka kai kaɗai, haka reza da soso. Kilifar aski ma a kula, ta nan makero ke yawo. Rigar judo ko gajeren wando a wanke duk bayan atisaye, rana muna da ita kyauta, kar a cusa su a jaka da danshi sai gobe. A yanke farce. Duk ɗan ciwo a wanke a rufe da filasta kafin a shiga. Masu katifa kuma su riƙa goge ta kullum da ruwan bilic da aka surka, sannan wanda zai zaga banɗaki ya sa silifas, ba ya je da ƙafa ya dawo ya taka inda wani zai kifa fuskarsa ba.

Kwana nawa zan zauna kafin in koma? Ba zan iya rufe shi da bandeji in shiga ba?

A dokokin kokawar makarantun Amurka, mai makero a jiki sai ya yi awa 72 yana magani, na kai kuma kwana 14. Mai hafis karon farko aƙalla kwana 10, kuma sai duk ƙurajen sun bushe babu sabo. Gyambon bakteriya shi ma awa 72 kan magani kuma ya daina ruwa. Bandeji kuwa minti biyu da fara gumi ya saɓule, ba a yarda a rufe hafis ko gyambo mai ruwa a shiga fili ba. In gasa ta matso kuma kana tsoron koci ya cire ka, gara ka nuna masa da wuri, don in ya gano da kansa bayan ka shafa wa rabin tawaga, ba kai kaɗai za ka rasa tafiyar ba.