Lambun Gida na Farko

Lambun gida shi ne ɗan wurin da mutum ke keɓewa a inda yake zaune, ko kusa da nan, ya shuka kayan lambu domin cin kansa da iyalinsa. Zai iya zama fili a bayan gida, ko fangali ɗaya a gindin katanga, ko bokitai a baranda, ko buhuna a saman bene, har ma da 'yan tukwane a bakin taga. Abin da ke raba lambun da ya yi kyau da wanda ya lalace a shekarar farko ba faɗin wurin ba ne. Abubuwa uku ne: yawan ranar da ke sauka a wurin, kusancinsa da ruwa, da kuma ko girmansa ya yi daidai da lokacin da mai shi zai iya ba shi kullum.

Tarihi a taƙaice

Shuka a bakin gida tsohon abu ne kamar noman kansa, amma lambun ɗan birni mai ƙaramin wuri ya bunƙasa ne tare da masana'antu. A birnin Laifzig na Jamus an kafa wata ƙungiya a 1864 da sunan likita Moritz Schreber, kuma daga filinta ne aka samu tsarin ƙananan lambunan haya da Jamusawa ke kira da sunansa har yau. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun yi kira ga jama'a su mayar da filayen wasa da farfajiyar gidaje gonaki. An ƙiyasta cewa a Amurka irin waɗannan lambuna sun kai kusan miliyan 20, suna samar da kimanin kashi 40 cikin ɗari na ɗanyun kayan lambun ƙasar. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Kuba ta rasa mai da takin zamani, sai mazauna Habana, babban birninta, suka koma shuka a dogayen fangalai da aka cika da takin shara a kangwayen birni. Da yawa daga cikin mutanen nan ba su taɓa riƙe fartanya ba kafin lokacin.

Rana

Duk wani abu na lambu ana iya gyara shi, ban da rana. Ƙasa mara kyau ana inganta ta, ruwa ana jawo shi, amma inuwar bene ba ta gusawa. Saboda haka aikin farko ba haƙa ba ne, kallo ne. Mutum ya zaɓi yini guda ya riƙa leƙa wurin duk bayan sa'a ɗaya ko biyu daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, yana lura da inda haske yake da inda inuwa ta rufe.

Shuke-shuken da ake cin 'ya'yansu, irin su tumatir, barkono, kubewa, kokwamba da kabewa, suna son sa'a 6 zuwa 8 na rana kai tsaye. Masu saiwa kamar karas suna iya haƙuri da sa'a 4 zuwa 6. Masu ganye, wato latas, alayyafo da danginsu, suna ba da amfani ko da sa'a 3 zuwa 4 ne. Wanda barandarsa ba ta samun rana sai da safe, ya shuka ganye ya ji daɗinsa ya fi ya nace wa tumatir da zai yi tsawo, ya rame, ya ƙi 'ya'ya.

A ƙasashen da ke arewa sosai da tsakiyar duniya, gefen gida mai fuskantar kudu ya fi samun rana, a ƙasashen kudu kuwa gefen arewa ne. Kusa da tsakiyar duniya rana na bi ta saman kai, kuma matsalar takan juye: zafin azahar ne ke yin yawa. A nan wurin da ke samun ranar safe da inuwar yamma ya fi kowane daraja. Furen tumatir yakan zube ba tare da ya ƙulla ɗa ba idan zafin yini ya daɗe a sama da digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin Salsiyas, irin latas kuma yakan ƙi tsira idan ƙasa ta kai kusan digiri 30.

Ƙasa

A ɗebi ƙasa mai ɗan danshi a dunƙule a hannu. Idan ta warwatse nan take, rairayi ya yi mata yawa: ruwa da taki za su riƙa wucewa da sauri. Idan ta manne ta yi santsi har ana iya murza ta kamar igiya, yumɓu ce: tana riƙe abinci amma tana shaƙe saiwa idan ruwa ya kwanta. Wadda ta dunƙule sannan ta farfashe da an taɓa ta, ita ake nema. Abin farin ciki shi ne maganin biyun farko ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki. A rairayi yana riƙe danshi, a yumɓu yana buɗe ƙofofin iska. Kaurin santimita 5 da aka cakuɗa da saman ƙasa ya isa mafari. Ganin tana, wato tsutsar ƙasa, alama ce mai kyau.

Yawancin kayan lambu sun fi son ƙasar da tsaminta yake tsakanin 6 da 7 a ma'aunin pH. Sai dai a birni akwai tambayar da ta fi wannan muhimmanci, kuma sababbin masu lambu ba su cika yin ta ba: me aka taɓa yi a wurin? Dalmar da ta fito daga tsohon fenti da hayaƙin fetur guba ce, kuma ba ta ruɓewa. Sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a duniya baki ɗaya, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata, amma wadda ta riga ta sauka a bakin manyan tituna tana nan. Wurin da aka taɓa yin garejin gyaran mota, ko fasa batir, ko juji, bai kamata a shuka abinci a ƙasarsa kai tsaye ba sai an gwada ta. Idan gwaji bai samu ba, a ɗaga fangali sama a cika shi da ƙasa mai tsabta, ko a koma mazubi.

Faɗin fangali kada ya wuce mita 1.2, domin hannu ya kai tsakiyarsa daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Takawa na danne ƙasa ta hana saiwa numfashi. Fangali ɗaya mai tsawon mita 2 ko 3 ya wadaci shekarar farko. Babban abin da ke kashe lambun sabon shiga shi ne zumuɗin rana ɗaya da ke sa a fasa fili mai yawa, bayan mako shida ciyawa ta ci ƙarfin mai shi.

Shuka a mazubi

Duk abin da zai riƙe ƙasa ya kuma saki ruwa zai iya zama mazubi: bokiti, tukunya, akwatin katako, buhu, tsohon baho. Sharaɗi biyu ne. Na farko, a huda gindinsa. Na biyu, kada ya zama abin da aka taɓa zuba guba, fenti ko baƙin mai a ciki. Akwai wata al'ada ta zuba tsakuwa a ƙasan tukunya wai don ruwa ya wuce. Ba ta taimakawa, domin ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa, sai ma ya taru sama da ita kusa da saiwa. Hudar ita ce ke yin aikin.

Latas da albasa mai ganye suna rayuwa a zurfin santimita 15 zuwa 20. Barkono na son lita 10 zuwa 15, tumatir kuma lita 20 ga kowane tushe ɗaya. Zallar ƙasar fili takan daskare a mazubi, don haka ana cakuɗa ta da taki da wani abu mai sauƙi kamar ɓuntun shinkafa ko zaren ɓawon kwakwa.

Buhun da aka tsayar aka cika da ƙasa, aka sa ginshiƙin tsakuwa a tsakiyarsa don ruwa ya sauka har ƙasa, aka kuma tsattsaga gefensa aka dasa ganye a ciki, yana ɗaukar shuke-shuke masu yawa a wurin da bai kai mita ɗaya ba. Unguwar Kibera ta Nairobi ta yi suna da wannan dabara. Masu hawa kuwa, wake da kokwamba, ana ba su igiya ko raga su bi bango.

Mai shuka a saman bene ko baranda ya yi lissafin nauyi tun kafin ya hau da buhun farko. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 30 a kan murabba'in mita ɗaya tana iya kai kilo 400 zuwa 500. Mazubai masu nauyi ana jera su kusa da bango ko kan ginshiƙi, kuma a tabbatar ruwan da ke fita yana da magudana.

Me za a fara shukawa

Abin da mutanen gida ke ci, kuma iri uku zuwa biyar kawai. Ganye ya fi kowane saurin biya, domin a cikin mako 4 zuwa 6 an fara tsinka, kuma idan ganyen gefe kawai ake cirewa tushen zai ci gaba da toho. Wake abokin sabon shiga ne: irinsa babba ne, tsirarsa ba wuya, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a 'yan ƙululun saiwarsa suna jawo naitirojin, sinadarin da ke ciyar da shuka, daga iska, abin da masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka tabbatar a 1886. Kabeji da farin kabeji suna daɗewa kuma tsutsa na son su, gara a jinkirta su. Masara na cin wuri, kuma da yake iska ce ke yi mata barbara, layi ɗaya siriri yakan ba da goyo mai giɓi. Albasa mai kai tana da wani sirri: tsawon yini ne ke sa ta yin kai. Wasu nau'o'in suna yi da yinin sa'a 10 zuwa 12, wasu sai ya kai 14 zuwa 16, saboda haka irin da aka kawo daga nesa zai iya yin ganye zalla.

Iri, yayyafi da dashe

Ƙa'idar zurfi ita ce ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar. Ƙananan iri kamar na latas ɗan yayyafa musu ƙasa kawai ake yi. Karas, wake, kubewa da kabewa ana shuka su a inda za su zauna, don saiwarsu ba ta son motsi. Tumatir, barkono da kabeji ana rainonsu a wuri dabam, a dasa su da yamma bayan sun yi ganye huɗu zuwa shida. Idan a ɗaki ko a inuwa aka raine su, a riƙa fito da su kaɗan-kaɗan na tsawon mako guda kafin dashe. A ƙasashe masu sanyi ana jira sai lokacin daskarewar raɓa ya wuce.

Rage tsiro na da ciwo ga wanda ya ga irinsa ya fito cunkus, amma dole ne. Karas ashirin a wurin biyar ba za su yi komai ba sai zare.

Ban ruwa

Lambun ƙasa na bukatar kimanin milimita 25 na ruwa a mako a yanayi matsakaici, wato lita 25 ga kowane murabba'in mita, kuma fiye da haka a zafi ko a rairayi. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yana jan saiwa zuwa ƙasa. Mazubi dabam ne, yana iya neman ruwa kullum, wani lokaci sau biyu. Yatsa ne ma'auni: a tura shi har gaɓa ta biyu, in an ji danshi a bari. Shukar da ruwa ya yi wa yawa takan yi yaushi daidai da mai ƙishirwa, saboda saiwarta ta ruɓe, kuma a nan ne mutum ke ƙara mata ruwa ya ƙarasa ta.

A zuba ruwa a gindi da sassafe, ba a kan ganye ba, don jiƙaƙƙen ganye cikin dare gayyatar funfuna ne. Baƙin tabon da ke fitowa a ƙasan ɗan tumatir ba cuta ba ce mai yaɗuwa. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma galibi saboda ƙasa na bushewa ƙayau sannan a cika ta da ruwa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye mai kaurin santimita 5 a kan ƙasa na rage wannan, yana kuma danne ciyawa.

Taki da kwari

Ɓawon kayan lambu, busasshen ganye da kashin dabbobi masu cin ciyawa, idan aka tara su da danshi ana juyawa, sukan zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasa cikin wata 2 zuwa 6. Nama, mai, da kashin kare ko kyanwa ba sa shiga. Ɗanyen kashin dabba na ƙona saiwa kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar noma ba sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Lambobi uku da ke jikin buhun takin zamani na nuna naitirojin, fosforas da fotasiyam, kuma idan na farko ya yi yawa tumatir zai yi ganye shar babu 'ya'ya.

A ƙaramin lambu ido da hannu sun fi feshi. A riƙa juya ganye ana duba bayansa, inda darɓa da farin ƙuda ke taruwa da kuma inda ƙwan tsutsa yake. Darɓa ana wanke ta da ruwa, tsutsa da katantanwa a tsince su. Maganin feshi mai kashe kowane ƙwaro yana kashe ƙudan zuma, kuma kabewa da kokwamba, masu furen namiji dabam da na mace, ba sa ƙulla ɗa sai ƙwaro ya kai ƙurar furen namiji zuwa na mace. A saman bene inda zuma ba ta zuwa, mai lambu na iya tsinkar furen namiji da safe ya goga shi a cikin na mace, wanda ake gane shi da ɗan ƙululun da ke gindinsa.

Cututtuka da dama na kwana a ƙasa suna jiran dangi ɗaya. Tumatir, barkono, gauta da dankalin turawa 'yan gida ɗaya ne, don haka ba a maimaita su a wuri guda sai bayan shekara 3. Mai fangali ɗaya ya raba shi kashi-kashi yana juyawa, mai mazubi kuma ya canja ƙasar ko ya bi tumatir da wake ko ganye. Wanda ke son ajiye iri don baɗi ya duba takardar da ya sayo shi a ciki: idan an rubuta F1, irin haɗi ne, kuma 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba. Wake, latas da tumatir na gado, masu yi wa kansu barbara, su ne suka fi sauƙin ajiyewa, a bushe su sosai a rufe a kwalba a wuri mai sanyi da duhu.