Yaron da girmansa ya yi jinkiri: tambayoyi kan tallafi tun da wuri da batun tsawaita shi

Su waɗanne yara ake nufi?

Yaran da wata lalura ta taɓa yadda ƙwaƙwalwarsu ko jijiyoyinsu ke bunƙasa, har abin ya bayyana a motsi, magana, ji, gani, fahimta ko mu'amala da mutane. A ciki akwai galahanga (autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), shanyewar gaɓoɓi da ke biyo bayan rauni a ƙwaƙwalwa, lalurar Down, kurumta da farfaɗiya. Wasu da ita ake haihuwarsu. Wasu kuma sanadin ya zo ne daga doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, haihuwar bakwaini, ciwon shawara da ya yi tsanani ba a kula ba, ko sanƙarau. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa a 2016 yara kusan miliyan 53 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke da irin wannan lalura, kuma kusan kashi 95 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki.

Me ake yi musu?

Ya danganta da yaron. Wani gashi da motsa gaɓoɓi yake buƙata don ya iya zama da rarrafe, wani koyon magana ko yaren hannu, wani na'urar ƙara ji, wani kuma a koya wa uwarsa yadda za ta ciyar da shi ba tare da ya shaƙe ba. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne, rabin aikin ko fiye kan iyaye ake yin sa. Ƙwararre zai ga yaro awa guda a mako, idan an yi sa'a. Sauran awoyin duka yana hannun masu yi masa wanka da masu goya shi. Shirin da bai koya wa waɗannan komai ba, a ganina, bai fara aiki ba.

Ba gara a ɗan jira ba? Ai kowane yaro da lokacinsa.

Gaskiya ne yara sun bambanta, kuma da yawa cikin masu jinkirin magana suna kamo tsaransu. Matsalar ita ce ranar da ake cewa "a bar shi, zai yi" babu mai iya rantsuwa wane rukuni yaron yake. A shekarun farko ƙwaƙwalwa na ƙulla hanyoyinta da saurin da ba za ta sake yi ba, kuma hanyar da ba a amfani da ita takan dushe.

Ji shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Ƙa'idar da ƙwararru suka tsayar ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Yaron da aka gano kurumtarsa yana shekara huɗu ya rasa shekarun da harshe ke shiga kai ba wahala, ko na baka ko na hannu. Haka shanyewar gaɓoɓi: da gwaje-gwajen da ake da su yanzu ana iya hango ta kafin wata 6. Galahanga kuwa ƙwararre na iya tabbatar da ita a kusan shekara 2, shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ke ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18 da wata 24. Alama guda kuma ba a jira da ita ko kaɗan: yaron da ya iya wani abu, kamar kiran suna ko nuni da yatsa, sai ya daina.

Sai an san sunan lalurar kafin a fara?

A'a. Layin ganin ƙwararre na iya cin watanni. Idan jinkirin ya bayyana, a fara aiki a kansa, sunan ya iske su a hanya.

To me ya kawo maganar tsawaitawa?

Yawancin shirye-shiryen suna da ranar rufe ƙofa, kuma ranar ba ta duba halin da yaro ke ciki. Amurka ce ta fi nuna wannan. A 1986 ta kafa shirin tarayya na jarirai da ƙananan yara masu lalura, daga haihuwa zuwa shekara 3. Ana rubuta tsari na iyali gaba ɗaya, ana zuwa gida, akwai jami'i guda da ke haɗa kan ayyukan. Ranar da yaro ya cika uku sai ya koma hannun hukumar makarantu, inda tsarin ya karkata ga karatunsa, ma'aikata sababbi ne, sharuɗɗan cancanta ma na iya sauyawa. Dokar da ta kafa shirin ta ce a yi taron shirin miƙa shi aƙalla kwana 90 kafin ranar, amma taro daban, samun gurbi daban. Yaron da ya cika uku ana dab da dogon hutu na iya zama a gida ba kowa. Wanda kuma aka gano lalurarsa yana shekara biyu da rabi, wata shida kacal ya mora.

Da aka yi wa dokar kwaskwarima a 2004, sai aka ba jihohi damar barin yaro ya ci gaba a shirin farko bayan shekara 3, har zuwa lokacin shiga ajin share fage, idan iyaye suka zaɓi haka, da sharaɗin a haɗa masa da shirin karatu, harshe da ƙidaya. Jihohi ƙalilan ne suka karɓa, Maryland na cikinsu. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba wanda ya ce yana bushewa ne a daren da yaro ya cika shekara uku.

Inda babu ƙwararru fa, me za a tsawaita?

A nan tambayar ba ta shekaru ba ce, ta isa ga mutane ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara horo ga masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkiri ko lalura: zama tara a rukuni da ziyara uku a gida, kuma ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne ke bayarwa bayan an horar da su. Ana koyon yadda za a mai da wasa da ayyukan gida su zama darasin magana da mu'amala.

Akwai kuma binciken Jamaika da aka fara a 1986, inda ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajen yara masu tsumburewa kowane mako har shekara biyu, suna koya wa uwaye wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan kusan shekara 20, kuɗin da waɗannan yaran ke samu daga aiki ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Yaran masu tsumburewa ne, ba masu galahanga ko kurumta ba, don haka kada a ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba. Abin da ya nuna shi ne ziyarar gida daga ma'aikaci mai ɗan horo na iya barin tasiri mai daɗewa.

Yaron zai warke?

Yawancin waɗannan lalurori ba a warkar da su, kuma duk wanda ya yi alkawarin haka a yi hattara da shi. Abin da ake nema shi ne yaro ya iya bayyana buƙatarsa, ya ci da kansa, gaɓoɓinsa kada su ƙage, ya zauna a aji da tsaransa.

Tsawaitawa ba za ta cinye kason jarirai ba?

Za ta iya, kuma wannan ce hujjar masu adawa da ta fi ƙarfi. Idan ma'aikatan nan ne dai da kuɗin nan, riƙe 'yan shekara huɗu na nufin ɗan wata takwas ya daɗe a layi. Akwai kuma yaran da zama cikin tsara a makaranta ya fi musu ziyarar gida amfani. Shi ya sa tsawaitawa ta fi dacewa ta zama zaɓin iyaye, ta zo da ƙarin ma'aikata, kuma a riƙa auna kwanakin da jariri ke yi tsakanin ranar da aka tura shi da ranar da aka fara yi masa aiki.